Yadda ake haɗa shirin safe a rediyo: waƙa, hira da baƙo, da tunatarwa

Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, mai sauraron rediyo hannunsa ba a sake yake ba. Uwa tana dama koko tana neman takalmin ɗan makaranta, mai shayi yana fifita wuta, direban Adaidaita Sahu yana duba mai kafin ya hau titi, ɗan kasuwa yana lissafin abin da zai tarar a rumfa. Babu wanda ya shimfiɗa tabarma don ya saurare ka. Da kunne ɗaya ake jin ka, kuma a wannan ɗan tsakanin ake so ka ba mutane abu uku: waƙar da za ta warware musu jiki, hirar da za su ƙaru da ita, da tunatarwar da za ta daidaita musu zuciya kafin su shiga hidimar duniya.

Kunna rediyo da sassafe tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma mutane da yawa sun tashi sun tarar da iyayensu ba sa karya kumallo sai da akwatin rediyo a gefe. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ita ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar tashoshi a Najeriya. Da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, shirye-shirye irin su Barka da Hantsi suka sabar wa jama'a da jin zancen garinsu kai tsaye da safe. Yanzu tashoshin FM sun cika Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, mai sauraro kuwa ba ya da haƙuri: in ka gundure shi minti ɗaya, ya murɗa gaba.

Waƙa tana nan birjik, malamai suna nan, baƙi ma ba sa wuyar samu. Inda shiri yake gyaruwa ko ya lalace shi ne mahaɗa, wato wurin da wa'azi ya ƙare waƙa za ta fara, ko wurin da aka gama dariya za a ambaci Allah. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suke juyawa.

Mataki na farko: san safiyar waɗanda kake yi wa magana

Kafin ka rubuta komai, fita ka ga yadda garinku yake tashi. Yaushe ake buɗe kasuwa, yaushe yara suke fita makaranta, a wane lokaci titi yake cushewa? Safiyar Kano, inda mutum yake saƙare a go-sulo kan hanyar Kantin Kwari ko Dawanau, ba ɗaya take da safiyar garin manoma ba, inda da damina gari yake watsewa zuwa gona tun rana ba ta ɗaga ba. Shirin da ya ajiye mafi muhimmancin zancensa sai ƙarfe 8:30 ya rasa manomi, ya rasa malamin makaranta.

Ka kuma tuna cewa agogo ba ya motsi amma rana tana motsi. A Kano, fitowar rana takan kama daga wajen ƙarfe 6 a farkon damina zuwa kusan 6:50 a tsakiyar hunturu. Da sanyi mutane suna makara, da zafi suna sammako. Tsarin da ka yi a watan Yuni yana bukatar a sake duba shi a Janairu.

In tasharku tana fita ta intanet, akwai masu jin ka a Kumasi da Accra waɗanda agogonsu yake bayan naka da awa 1, akwai na Sudan da ke gabanka da awa 1, na Makka da Jidda kuwa da awa 2. Shi ya sa faɗin "agogon Najeriya da Nijar" bayan lokaci yake da amfani.

Mataki na biyu: zana agogon shirin

Ɗauki takarda ka zana da'ira kamar fuskar agogo, ka raba awa ɗaya gida-gida. Da farko sa abubuwan da ba sa gusawa: kanun labarai, tallace-tallacen da aka riga aka biya, sanarwar tasha. Abin da ya rage shi ne naka.

Ga misalin awar farko ta shirin da yake farawa ƙarfe 7. Taken shiri da sallama su ɗauki minti 2, a ciki ka faɗi rana da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da baƙon da ake jira da abin da za a tattauna. Daga nan tunatarwa, minti 4 zuwa 5. Sai bayanin gari: yanayi, halin da tituna suke ciki, farashin kayan masarufi in kuna da wanda ya je kasuwa ya gani da idonsa. Wajen 7:12 waƙar farko ta shigo, talla ta biyo. Hira ta fara wajen 7:20, a yi zango na farko minti 10, a huta da waƙa ko talla, a dawo zango na biyu. A 7:45 a buɗe layin waya. Mintunan ƙarshe na waƙa ne da gaisuwa, har a miƙa wa ɗakin labarai.

Wannan misali ne kawai, kowace tasha da nata yanayin. Abin da ba na so ka sake shi ne tabbatuwar lokaci. In yau tunatarwa ta zo 7:02, gobe ta zo 7:02. Mutane suna auna safiyarsu da kai. Akwai uwar da ta san in Malam ya yi addu'ar rufewa, lokacin fitar yara ya yi. Kana canza mata wuri kullum, ka daina zama abin dogaro.

Kuma masu sauraron safe shigowa suke suna fita. Wanda ya kunna 7:25 bai ji gabatarwarka ba. Saboda haka kowane minti 5 zuwa 7 ka sake faɗin lokaci, sunan tasha, da wanda kuke tare da shi. A kunnenka zai yi kama da maimaici, a kunnen wanda ya shigo yanzu kuwa taimako ne.

Mataki na uku: tunatarwa

A nan ya kamata ka fi kashe lokaci, domin kuskuren da aka yi a waƙa ana mantawa, wanda aka yi a addini kuwa yana bin tasha shekaru.

Fara da gaskiya tsakaninka da malamin. Gaya masa tun farko cewa shirin yana ɗauke da kiɗa da waƙa. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma ba a sutudiyonku za a warware saɓanin ba. Wani zai ce ba zai shiga ba. Ka gode masa, ka girmama matsayinsa, kada ka naɗi muryarsa a wani wuri ka saka ba da izininsa ba. Wani zai yarda da sharaɗin kada a liƙa maganarsa da kiɗa, kuma wannan sharaɗi ne da ya kamata ka cika ko da bai nema ba.

Sannan ku daidaita a kan abin da tunatarwar safe take nufi. Ba darasin fiƙihu ba ne, ba kuma filin fatawa ba. Magana ɗaya ce, aya ɗaya ko hadisi ɗaya, da abin da mutum zai yi da ita yau kafin azahar. Ɗauki hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Sahabi Sakhr al-Gamidi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. A cikin ruwayar an ambaci cewa shi Sakhr ɗan kasuwa ne, yakan tura hajarsa da farkon yini, kuma dukiyarsa ta yalwata. Malamin da ya iya aiki zai karanta wannan, ya fassara, ya juyo ga mai ɗinkin da ya yi wa mutane alkawarin kaya, da ma'aikacin da yake isa ofis ƙarfe 10, ya yi addu'a ya rufe. Minti 4 sun isa. Haka za a yi da cika mudu, da haƙƙin maƙwabci, da biyan bashi, da tausasa harshe ga iyali kafin a fita, da haƙuri a kan titi.

Kowace aya da kowane hadisi a rubuta su a takarda tare da inda suke, sura da lambar aya, ko littafin da ya ruwaito. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cike suke da maganganun da ake jingina wa Annabi ba tare da asali ba, kuma da zarar rediyo ta faɗa, jama'a sun ɗauka tabbas ne. In kai mai gabatarwa ne ba malami ba, kada ka karanta nassi da ka. Idan larabcinka bai nuna ba, bar wa wanda ya iya.

Masu sauraronka sun haɗa da ɗan Izala da Batijjane da Baƙadire da wanda bai jingina da kowa ba, kuma duk a teburin mai shayi ɗaya suke zaune. Mas'alolin da aka san suna raba kan mutane ba na ƙarfe 7 na safe ba ne. Ka sami malamai uku ko huɗu daga ɓangarori daban-daban ka riƙa juya su, da sharaɗi ɗaya a kan kowa: ba gugar zana, ba ambaton wani malami da suka. Kada ka manta da malamai mata. Kaso babba na masu jin ka a wannan lokaci matan gida ne, kuma akwai zancen da ya fi shiga idan Malama ce ta yi shi.

A garuruwa irin su Kaduna da Jos da Gombe da Yola, inda Kiristoci da yawa suke ibada da Hausa, tasha tana iya ware wa fasto nasa lokacin. Ƙa'idar ba ta canzawa: gajere, mai gyara hali, ba taɓa addinin wani. Kada a zaunar da malami da fasto don su yi muhawara da sunan nishaɗi.

Shawarata ita ce a naɗi tunatarwa tun kafin ranar. A zama ɗaya malami zai iya yin na mako guda. Ka sami damar sauraro, ka auna tsawo, ka roƙe shi ya sake inda ya zarce, kuma ranar da ruwan sama ya tare shi a gida shirinka bai tsaya ba. Abu na ƙarshe, wanda ba shi da togaciya: ba a sa kiɗa a ƙarƙashin karatun Alƙur'ani, ko hadisi, ko addu'a, komai sanyinsa. Muryar kaɗai ta isa.

Mataki na huɗu: zaɓen waƙa

Kada ka saka waƙar da ba ka saurara daga farko har ƙarshe ba. Sau da yawa baitin da zai jawo magana yana can wajen minti na huɗu, bayan amshi mai daɗi ya riga ya sa ka sakin jiki. Da safe yara suna tsakar gida, uba da 'yarsa suna mota ɗaya, suruka da surukarta suna madafi ɗaya. Tambayar da za ka yi wa kowace waƙa ita ce: waɗannan mutane za su iya jin ta tare ba wanda ya sunkuyar da kai? Waƙar soyayya mai tsafta tana wucewa. Mai batsa a lulluɓe, da ta habaici tsakanin mawaƙa, da ta zambo, su jira wani shirin ko su haƙura gaba ɗaya.

Ka jera waƙoƙin yadda jikin mutum yake tashi. Ta farko mai taushi, ta biyu ta ɗan ɗaga, masu zafin kiɗa sai bayan ƙarfe 8, lokacin da gari ya riga ya ɗau harama. Ka gauraya zamani da gargajiya: waƙoƙin fina-finan Hausa da na matasan mawaƙa a gefe guda, kalangu da kuntigi da gurmi da kiɗan ƙwarya na amada a ɗaya gefen, da na mawaƙan Nijar waɗanda tashoshin Najeriya suke yawan mantawa da su. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya sukan yi tsawo sosai, don haka ka zauna tun da rana ka yanke inda baiti ya cika. Katse makaɗi a tsakiyar magana rashin ladabi ne, kuma dattawa suna lura.

Waƙoƙin bege da ƙasidu suna da masoya masu yawa, akwai kuma waɗanda ba sa karɓarsu. Wannan hukunci ne da shugabannin tasha ya kamata su yanke su rubuta, kada a bar shi ga ra'ayin wanda yake kan kujera ranar.

Waƙar siyasa talla ce, ko da an ce maka gaisuwa ce. In za a saka, ta bi ta ofishin talla, a kuma sanar cewa an biya. Dokar zaɓe ta Najeriya ta hana watsa kamfe a cikin awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma waƙar ɗan takara tana ciki. Haka nan haƙƙin mallaka: dokar 2022 ta Najeriya tana kare mawaƙi, a Nijar kuma hukumar BNDA ce take kula da wannan. Ka tabbatar tasharku tana da lasisin amfani da waƙoƙi, ka riƙa rubuta duk abin da ka saka, ka faɗi sunan mai waƙa. In kuna haskawa kai tsaye a Facebook ko YouTube, ku sani na'urarsu tana gane waƙar da aka yi wa rajista, tana iya kashe sautin ko ta sauke bidiyon. Da yawa sukan rufe sautin waƙa a can su bar shi a FM kawai.

Kuɗin da mawaƙi zai cusa maka a aljihu don ka riƙa juya waƙarsa, kada ka karɓa. Masu sauraro suna ganewa da wuri.

Mataki na biyar: mahaɗa

Ƙa'idar ita ce kada abu mai tsarki ya yi kafaɗa da kafaɗa da abin wasa. Tsakanin "amin" na Malam da bugun ganga na farko, dole a sami gada, kuma gadar magana ce ta mutum, ba taken tasha mai ƙara ba.

Malam ya rufe da addu'a. Ka bar daƙiƙa 2 shiru. Sannan ka shigo da murya ƙasa-ƙasa: "Allah Ya saka wa Malam da alheri, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Ƙarfe 7 da minti 7 agogon Najeriya da Nijar. Masu shirin fita, ga halin da hanyoyi suke ciki." Ka yi bayanin gari na minti 3 ko 4, muryarka tana ɗan ɗagawa a hankali. Kafin ka gama, zukata sun dawo kan harkar yau da kullum, waƙa mai taushi za ta shigo ba tare da ta yi wa kowa karo a kunne ba.

Talla ma tana bukatar wannan lura. Ka san wacce na'ura za ta saki bayan tunatarwa. Tallar maganin ƙarfin maza ko ta gidan rawa a bayan ayar Alƙur'ani abin kunya ne, kuma yana faruwa ne kawai don ba wanda ya duba jerin. Je ka ofishin talla ka roƙi a bar gurbin da ke kafin tunatarwa da na bayanta ba komai, ko a sa sanarwa mai natsuwa irin ta rigakafi.

Haka abin yake ta ɗaya fuskar. In hira ta taɓo rasuwa, ko mai kira ya fashe da kuka yana ba da labarin ɗansa da ke kwance, waƙar da ka tanada ta biki ba ta da wuri a nan. Shi ya sa ake ajiye waƙoƙi biyu a kowane gurbi, mai zafi da mai sanyi, ka zaɓa gwargwadon inda zance ya tsaya. Ranar da babu wadda ta dace, yi addu'a gajeriya, faɗi lokaci, ka tafi sanarwa.

Ka rubuta waɗannan jimlolin mahaɗa tun daren jiya. Sauran shirin kana iya yin sa da ka, amma nan ne harshe yake zamewa, kuma magana zarar bunu ce.

Mataki na shida: baƙo da hira

Baƙon safe ba sai mai muƙami ba. Ungozoma da ta san abin da ke kawo mata masu juna biyu asibiti a makare, malamin gona a farkon damina, dillalin hatsi lokacin kaka, jami'in kashe gobara da hunturu, shugabar makaranta a makon komawa hutu, mawaƙin da zai faɗi yadda yake tsara baiti: duk wanda ya san abu ɗaya da kyau kuma zai iya faɗinsa da Hausar da kowa zai gane. Mai digiri uku da ba zai iya jimla biyu ba tare da ya tsallaka Turanci ba zai wahalar da kai. In dole sai shi, ka shirya fassara masa nan take.

Kira shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ku yi magana minti 10. A nan za ka ji yadda yake zance, ka gano labarin da ya fi daɗi a bakinsa, ka tabbatar da sunansa da muƙaminsa da yadda yake so a kira shi. Faɗa masa batun, amma kada ka ba shi tambayoyin a rubuce, don zai haddace amsa ya zo yana karantowa. Ka ce ya iso minti 30 kafin lokacinsa. Ka kuma tanadi wata hira da aka naɗa ta ajiya, saboda wata rana baƙo ba zai zo ba.

Girmamawa a baki take. Malami "Allah Ya gafarta Malam", basarake "ranka ya daɗe", dattijuwa "Hajiya" ko "Mama", likita "Likita". Ladabi ba ya hana tambaya mai nauyi. Kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, jama'ar unguwar sun ce wata uku ke nan ba su ga ruwan famfo ba, me ya faru?" Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka kuma tambaye shi abin da mutane suke son ji.

Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, gajeriya. Fara da "yaya", "me ya sa", "ba mu misali". In ka jero uku a numfashi guda, zai zaɓi mai sauƙin ya bar sauran. Ka rubuta tambayoyi biyar ko shida, amma idonka ya fi zama a kan baƙon fiye da takarda, domin tambaya mafi kyau tana fitowa ne daga amsar da ya bayar yanzu. Kuma ka rage "to", "haka ne", "na'am" a kan maganarsa. Gyaɗa kai ya wadatar, makirufo yana ɗaukar komai.

Katse babba yana da wuya a al'adarmu, amma agogo ba ya jira. Ku yi yarjejeniya tun a waje cewa in ka ɗaga yatsa, saura rabin minti. In ya zarce, jira ya ja numfashi ka shiga da girmamawa: "Allah Ya gafarta Malam, mu riƙe wannan gaɓar, za mu ɗora daga nan bayan wannan saƙon."

Hattara da baƙon da ya sayi fili. Mai maganin da zai ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da kwalba ɗaya yana iya sa wani ya ajiye maganin asibiti. A nemi rajistar NAFDAC, a hana alkawarin warkarwa, a kuma gaya wa jama'a cewa filin na kuɗi ne. Amanar da tunatarwar Malam ta tara wa shirin, irin wannan baƙo yana iya zubar da ita a zama ɗaya.

Mataki na bakwai: layin waya

Kada kira ya shiga iska kai tsaye ba a tace ba. Furodusa, wato mai tsara shirin a bayan fage, ya fara ɗauka, ya ji suna da unguwa da abin da mutum zai ce, ya roƙe shi ya rage sautin rediyonsa don kada a sami kuwwa. Injiniya ya tabbatar sautin da ake mayar wa mai kira bai haɗa da muryarsa ba, in ba haka ba zai riƙa jin kansa yana dawowa ya rikice. In tasha tana da na'urar da ke jinkirta sauti da 'yan daƙiƙoƙi, a kunna ta. In babu, yatsan injiniya ya zauna a kan maɓallin.

Kowace tasha tana da masu kiran kullum, waɗanda sun san lambar da ka kuma kati ba ya yanke musu. Suna da daraja, amma in ka bar su, shirin zai koma zauren mutum goma. Ware wa gaishe-gaishe nasu lokaci a ƙarshe. Ka karɓi saƙon murya ta WhatsApp, wanda za a iya saurara a zaɓa, ta nan ne za ka fi samun muryoyin mata da na mutanen karkara. Wanda ya kira ya zargi wani da suna, a katse shi cikin ladabi, ka kuma faɗa a fili cewa tasha ba ta tabbatar da zancen ba.

Mataki na takwas: daren jiya da asubahin yau

Kafin ka kwanta, jerin shiri ya kammala a takarda, kwafi uku: naka, na furodusa, na injiniya. Waƙoƙi da tunatarwa suna cikin kwamfuta an gwada su, an daidaita ƙarfin sautinsu don kada muryar Malam ta fito ƙasa waƙa ta zo ta fasa kunne. A ajiye kwafin komai a filashi. A tambayi mai janareta ko akwai mai.

Ka iso aƙalla minti 45 kafin lokaci. Duba abin da ya faru cikin dare, don kada ka buɗe da raha alhali gari yana makoki. Sha ruwan ɗumi, ka karanta gabatarwarka da ƙarfi sau ɗaya. Tsakanin bakinka da makirufo kamar faɗin tafin hannu. Ka yi magana kamar da mutum ɗaya kake yi, ba taron filin Idi ba.

Ranakun da tsarin yake canzawa

Juma'a tana son tunatarwa mai ɗan tsawo da waƙoƙi masu natsuwa. Da azumi safiya takan mutu, domin mutane sun tashi sahur sun koma barci; tashoshi da yawa sukan rage kiɗa ko su ajiye shi, su matsar da hira zuwa hantsi. Ranar Sallah ta gaisuwa ce da kiɗan sarauta. Ranar da aka yi babban rashi ko wani bala'i ya auku a gari, ajiye jerin gaba ɗaya: labari tabbatacce, ta'aziyya, addu'a, da bayanin inda ake bukatar taimako. Ku rubuta wannan tsarin na gaggawa tun yanzu, ku liƙa a bangon sutudiyo, don wanda yake aiki ranar kada ya tsaya neman shugaba a waya.

Mataki na tara: saurari kanka

A naɗi kowane shiri, dama hukuma tana iya neman sa in an kai ƙara. Sau ɗaya a mako ku zauna kai da furodusa da injiniya ku saurari awa ɗaya, a ƙaramar rediyo ko a waya irin wadda jama'a suke ji da ita, ba a manyan lasifikan sutudiyo ba. Ku riƙe agogo. Minti nawa gaisuwar buɗewa ta ci? Sau nawa aka faɗi lokaci? Wa ya fi yawan magana, kai ko baƙo? Ku tsaya a kan kowace mahaɗa ku maimaita ta sau biyu, musamman wadda ta biyo bayan tunatarwa. Ku fitar da gyara ɗaya tak da za a yi a mako mai zuwa, ku rubuta shi a saman jerin shirin ranar Litinin.